Ina Ke Maka Ciwo?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina tsakiyar aji da alli a hannuna aka leƙo aka ce min kin rasu, Yaya. Ciwon nan da kike ta cewa gajiya ce kawai, shi ya zama ajali. Na juya na dubi ɗanki, yana kujerarsa ta bakin taga yana jera murafun kwalba a layi kamar yadda ya saba. Na rasa da wane harshe zan gaya masa. Ke kaɗai kika iya harshen nan sosai, ga shi kin tafi.

Ba jini ne ya haɗa mu ba. Ni malamar ɗanki ce, ke kuma tela mai ɗinkin mata, kuma ke kika ce in riƙa kiran ki Yaya. Ina tuna ranar da kika fara kawo shi, da guntun zare maƙale a mayafinki, bayan makarantu da yawa sun mayar da ku. Likita ya ce lalurar otizim ce. Wasu yaran da ke da ita ba sa magana sam. Wasu kuwa, irin naki, sukan adana maganar da suka ji, su dawo da ita ɗungurungum, har da muryar mai ita. Na karanta wannan a littafi, amma a bakinki na ji shi da sauƙi. Kika ce, "Malama, Babana yana magana. Aron baki yake yi."

Haka ne kuwa. Idan ya ce "Kana son ruwa?" ba tayi yake maka ba, shi ke jin ƙishi, don kuwa haka kike tambayarsa kafin ki ba shi. Wata rana shugaban makaranta ya shigo ajinmu ya yi ta dogon jawabi, yaron ya toshe kunnuwa ya ce da ƙarfi, "Ki dawo jibi, ban gama ba!" Da na ba ki labari sai da kika yi dariya har da hawaye. Kika ce, "Korarsa yake yi! Abin da nake gaya wa masu kaya ke nan idan sun tsaya min a kai."

Ke kika ji magana. Dangi kuwa suka ji abin dariya, suka sa masa suna Aku. Sukan jefa masa kalma don ya maimaita su ƙyalƙyale. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ke kika sangarta shi. Gwaggonsa ta taɓa ce miki a gaban mutane, "Idan za ki zo, ki bar mana rediyon nan a gida." Daga ranar ba ki ƙara zuwa taron kowa ba, ba kuma wanda ya zo ya tambayi dalili. Da safe ki kawo shi makaranta, da rana ki hau keken ɗinki, da yamma ki zauna ki koya masa kalma ɗaya har sai ta zauna. Har wata uwa mai 'ya da irin wannan lalura da na tura miki tana kuka, kika ajiye aikinki kika yini da ita, kika ɗinka wa 'yarta riga marar ƙaiƙayi don ba ta jure taɓin wasu yadudduka.

Ranar zaman makoki gidan ya cika maƙil da mutanen da ba su taɓa taka shi ba kina raye. Kowa yana yabon haƙurinki. Na zauna ina mamakin yadda suka san kin yi haƙuri, sai na tuna ai da su kika yi shi.

Ɗanki yana ta zagayawa tsakanin mutane, yana tsayawa gaban kowa ba tare da ya dubi ido ba, yana cewa, "Ina ke maka ciwo?" Wata ta ce, "Allah sarki, bai ma san an yi mutuwa ba." Wani ya ce, "Lafiyata ƙalau, likita, je ka gaba." Aka yi 'yar dariya. Gwaggonsa ta ce, "Kai Aku, yau ma ba za ka bar mu ba? A kai shi ɗaki a rufe."

Yaya, kin san ma'anar wannan tambaya, don taki ce. Ita kike masa idan ba shi da lafiya, kuma da ita yake cewa yana jin ciwo. Kin koya min amsarta. Na durƙusa, na miƙa masa hannu na ce, "Nuna min, Babana." A da yakan ɗauki hannun ya ɗora a cikinsa, ko kunnensa, ko haƙorinsa. Ranar nan sai ya ja ni, muka ratsa mutane har ɗakin aikinki. Ya ɗora hannuna a kan kujerar da ke gaban keken ɗinki, ya danne shi da nasa, ya ƙi saki.

Wannan shi ne yaron da aka ce bai san an yi mutuwa ba.

Tun daga lokacin ba a sake kawo shi makaranta ba. Na je na tambaya, gwaggonsa, wadda yanzu yake hannunta, ta ce, "Malama, me ake koya wa aku? Ya zauna a gida, ya fi rufin asiri." Mahaifinsa yana gefe, kansa a ƙasa. Murafun kwalbarsa suna nan a ajina, ban bari an share su ba.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa wahalar da kika sha ke kaɗai ta zama nauyi a mizaninki. Ina yi wa maigidanki da 'yan'uwanki da dukan dangi ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri. Ta'aziyyata mafi girma kuwa ga maraya take, wanda babu wanda ya yi masa ita.

Baban yaro, roƙona gare ka ne. Ka dawo min da shi aji. Idan hakan ya gagara, to ka riƙe wannan kaɗai: duk ranar da ya tsaya gabanka ya ce "Ina ke maka ciwo?", kada ka ce lafiyarka ƙalau. Ba kai ake tambaya ba. Ka miƙa masa hannu ka ce, "Nuna min."