Gogen Babana a Zauren Jami'a

Shekara shida na yi ina ɗaure dilolin kaya a kasuwar Shahe da ke China, ba wanda ya san mahaifina mai goge ne. In an tambaya sai in ce manomi ne, kuma ba ƙarya na yi ba, da damina yana noma. Amma a cikin 'yan kasuwarmu na Kano, da an ji ɗan makaɗi ne kai, ko shadda ka sa sai a ce da maula ka samo.

A benen da nake haya akwai wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka da ke koyar da kiɗa a wata jami'a. Shi yake tsara kiɗansa. Sai ya ɗauko na Turawan da, mai tarin goge da sarewa, ya cuɗa shi da jaz na kakanninsa. Ya ce mini ya sha wuya: Turawa na cewa kiɗan mashaya yake yi, 'yan'uwansa kuma na cewa ya cika iyayi.

Wata rana ya ji ina rera wani take a matakala, ya tare ni sai na maimaita. Sau uku na yi, yana rubutawa a bayan ambulan. Ya tambaye ni wane ne mai shi. Da yake ba Bahaushe ba ne, bakina ya suɓuce na faɗa masa gaskiya.

Bayan wata biyar ya ba ni katin gayyata biyu na wasan kiɗansa a zauren jami'ar. Alhajin da nake yi wa sayayya yana gari, ya ce zai raka ni, ko don ya sha sanyin na'ura.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna a layi na huɗu. Can tsakiyar kiɗan sai komai ya lafa, wata 'yar China ta ja gogenta ita kaɗai. Taken Baba ne, wanda yake yi a bikin mahauta. Dattijon ya amsa mata da fiyano, sauran makaɗan suka ɗauka gaba ɗaya. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigata.

Da aka gama tafi, dattijon ya ce wannan taken na wani makaɗi ne daga Najeriya, ɗansa yana cikin zauren, don Allah ya miƙe.

Alhaji ya waiga hagu da dama. "Kai, ɗan wane maroƙi ne ya biyo mu har China?"

"Wa ya sani, Alhaji," na ce. Har da 'yar dariyata.

Idon dattijon ya sauka a kaina, ya daɗe. Sannan ya ce wa jama'a da alama ɗan bai samu zuwa ba.

Kunyar nan har yau ba ta sake ni ba. Mutum wajen ɗari biyar suka tafa wa Baba a ranar, har da Alhaji. Ni hannuwana suna cikin aljihu.