Ƙahon da ba a yi wa Yaya ba

Ranar Laraba ce da hantsi, ana tsakiyar yankan shinkafa, lokacin Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato. Mu uku ne a bakin gadon yayana a asibiti: ni, da Innarmu, da wanzamin gidanmu da ta ɗauko daga Argungu.

An yi wa Yaya aikin hanji. Jijiyoyin hannunsa sun ƙi karɓar ƙarin ruwa, sai likita ya zura masa siririyar roba tsakanin wuya da kafaɗa, cikin babbar jijiya. Bayan kwana shida hannun dama ya kumbura, ya yi duhu. Masunci ne, da hannun yake ci.

Wanzami ya latsa, ya ce mataccen jini ne, ƙaho uku zai fitar da shi. Inna ta zo da man shanun da za a murza masa. Ana haka sista mai kula da ɗakin, 'yar Filato, ta iso.

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Baba, gaskiyarka, jini ne ya daskare. Amma ƙahonka ba zai kai wurin ba."

Na tambaye ta yadda jini ke daskarewa a jikin mai rai. Ta ce in tuna turken da aka kafa a gulbi, yadda ciyawa ke taruwa a jikinsa. Haka jini ya yi wa robar. An fara ba shi maganin tsinka jini, in aka tsaga shi jinin ba zai tsaya ba. In kuma aka murza, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu.

"To jinin ga, in ba a fid da shi ba, ina za shi?" in ji wanzami.

Ta ce jiki ne zai cinye shi a hankali, magani hana shi ƙaruwa kawai yake yi. Bai gamsu ba. Ya zare zare daga bakin rawaninsa, ya auna damtsen Yaya, ya ƙulle daidai wurin, ya ce zai dawo ya gani.

Washegari aka cire robar. Da wanzami ya dawo bayan mako guda, zaren ya yi saura da faɗin yatsa biyu. Ya auna sau biyu.

Hannun ya saɓe. Wata uku Yaya yana shan ƙwayar tsinka jini, kuma a tsawon lokacin wanzamin ya ƙi sa masa aska, da almakashi ya riƙa rage masa gashi.