Kaduna Saboda Kunnen Baba

Yakasai, ƙarfe biyar da rabi

Ana sallame Asuba na fito na nufi tashar motar Kaduna, 'yar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a jakata. Ni na haɗa ta da hannuna, don Baba ya riƙa jin kaset ɗin tafsiri da hedifon tunda idonsa ya tafi. Amma da ya rage murya sai ɓangaren hagu ya ɗauke, shuuu ta rage kawai. Baba ya ajiye ta, ya ce, "Kunnen hagu ma ya bi idon." Na rantse masa laifin na'ura ne, ya ce lallashinsa nake. Sati uku bai taɓa kaset ba, abincin ma sai an matsa masa. Abin ya tsaya mini a rai.

Kwanar Ɗangora, bakwai da kwata

Makonni kaɗan ke nan da sojoji suka miƙa mulki, 'yan sanda ne a shingen. Wani ya leƙa jakata, ya ga wayoyi tsirara.

"Malam, mene ne wannan?"

"Maganin kunne ne, ranka ya daɗe."

Direba ya tuntsire da dariya, aka ɗaga mana katako. A Zariya muka karya da ƙosai da koko.

Kaduna, goma saura

Na sami Malam Garba, tsohon injiniyan gidan rediyo da aka yi mini kwatancensa, a shagonsa na Tudun Wada. Ya sa hedifon, ya murɗa, ya dube ni.

"Wa za ka kurumtar, ɗan Kano?"

Na ce ƙarfi na ƙara mata, don Baba ya ji daɗi.

"To shi ya kashe ka. Amfilifaya biyu ka sa wa kowane kunne, kowace da tata shuuu. Ga ƙarfi ya yi yawa, dole tsoho ya ajiye bolum a can ƙasa, kuma a nan ne irin wannan maɓallin yake cinye ɓangare ɗaya."

Kai, na ji kunya! Shekara goma sha biyu ina gyaran rediyo a kasuwar Kurmi. Ya canza rizisto huɗu, 'yan ƙananan kayan da ke daidaita ƙarfin wuta, ya rage ƙarfin, ya sa maɓalli mai kyau. Bai bar ni na tafi ba sai da na ci tuwo a gidansa.

Gida, bayan La'asar

Na tarar da Baba a soro, ya jingina da bango. Na ce ga abinsa. Ya ce, "Sani, ka bar wahalar da kanka." Na sa masa duk da haka, na murɗa kaɗan.

Ya karkata kai yana saurare. Can ya ɗaga hannu ya ɗage na dama daga kunnensa, ya bar na hagu shi kaɗai. Ina kallon leɓensa yana bin ayar. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yana nan. Ashe ba ƙarya ka yi mini ba."

Allah Ya saka wa Malam Garba da alheri. Baba kuwa ya ce in mayar da kaset ɗin baya zuwa farko, sati uku ya wuce shi.