Tarihin Farfesa Mai Makulli da Ƙwayoyinsa Masu Rikiɗa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin a shekarar 1957, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa ungozoma. Tun yana firamare ba ya yarda da kowa, har akwatin littattafansa kullewa yake yi, shi ya sa aka laƙaba masa Mai Makulli. Ya kammala digiri na uku a ilimin sinadarai a 1986.

Aure da aiki

A 1988 ya yi aure, kuma wan matarsa ne ma'aikacin da ke kula da ɗakin gwajinsa a jami'ar da yake koyarwa. Binciken marigayin a kan wasu ƙwayoyi ne masu kama da gishiri, haɗin dalma da aidin da wani sinadari mai kabon. Idan baƙaƙe ne, wutar lantarki na ratsa su daidai gwargwado. Idan suka koma rawaya, sun tashi aiki.

Zargi

A 1994 ya lura cewa yakan bar su baƙaƙe ranar Juma'a, ya tarar da su rawaya ranar Litinin. Makullan ɗakin biyu ne kacal, nasa da na surukin. Bai tsaya wata-wata ba ya rubuta takardar ƙorafi cewa ana yi masa zagon ƙasa. Surukin ya rantse har da hawaye, amma aka sallame shi. Matar ta bi bayan mijinta, ta yanke zumunci da ɗan'uwanta.

Ɗaukaka

Abin da marigayin bai faɗa a gida ba shi ne, bayan korar ma ƙwayoyin ba su daina rikiɗa ba. A 1997 ya gano dalili: ana kashe na'urar ɗumama ginin a ƙarshen mako, kuma da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri ashirin, sai tsarin ƙwayoyin ya sauya. Wannan binciken ne ya ba shi kujerar farfesa a 2001. Ana cewa kunya ce ta rufe masa baki a gida. Mai wannan rubutu dai yana da shakka, domin duk wanda ya ambaci surukin sai marigayin ya zarge shi da neman ɓata masa suna. Surukin ya rasu a 2015 yana sayar da kayan gyaran rediyo.

Rasuwa

Marigayin ya rasu ranar 9 ga Maris, 2021, aka binne shi da la'asar. Wajen ta'aziyya, shugaban sashensu, cikin yabo, ya bayyana wa matar yadda mijinta ya gano cewa sanyi ne ke rikiɗa ƙwayoyin.

"Wato da kansu suke sauyawa, ba hannun kowa?" in ji ta.

Ya ce ƙwarai kuwa, tun 1997 duniya ta san haka.

Marigayin ya rasu ya bar matar da 'ya'ya huɗu: likita, malamar makaranta, injiniya da autansu ɗalibi. Babu ko ɗayansu da ya taɓa taka gidan kawunsu.