Bugu Biyu a Kan Ciki

A layinsu babu wanda bai san Mai Tausa ba. Shekara talatin ke nan tana tausar ciki a ɗakin gaba, a kan dogon bencin da mijinta kafinta ya haɗa mata yana gunaguni. Mai kumburin ciki, mai jego, direban da dogon zama ya ɗaure wa hanji, duk nan suke kwanciya.

Ba ta taɓa mutum da hannu mai sanyi. Sai ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta ɗora tafi a ƙasan haƙarƙari, ta jira mutum ya sauke numfashi, sannan ta nutsa yatsu a hankali. Baki kuwa ba ya hutawa. Tana bin hanjinka tana ba ka labarin jikokinta. In ta gama, ta bubbuga cikin sau biyu ta ce a tashi. Amma in yatsunta suka ci karo da abin da ya fi ƙarfinta, sai ta yi shiru, ta goge hannu a zani, ta tura mutum asibiti. Wannan cikin ba ya samun bugu.

Kafinta ne ke dafa mata ruwan kullum, shi ne kuma bai taɓa yarda da aikin ba.

"Ke dai ƙullu kike kwaɓawa," yakan ce, yana ajiye butar.

Shi ya sa da ciwo ya kama shi ya yi wata biyu yana ɓoyewa, har wando ya fara zame masa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata safiya ta tare ƙofa.

"Maigida, hau bencin nan. Kai ka yi shi, ba zai karye ba."

Ya hau yana mita. Ta soma labarin autar jikokinsu, ta kai tsakiya, sai maganar ta tsaya. Ta sake latsa gefen dama. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a kan cikin kowa ba. Ta so ta bubbuga ko don hankalinsa ya kwanta, amma hannun ya ƙi. Ta goge shi a zani.

Bai tambaye ta komai ba. Ya sauko ya hau neman takalminsa. Ashe duk shekarun nan yana kallo daga bakin ƙofa.

Likita ya ce Allah ya sa sun zo da wuri. Aka yi aiki, aka ɗinke. Bayan wata huɗu kafinta ya dafa ruwa, ya hau benci da kansa. Ta bi cikin lungu-lungu, labari bai yanke ba, ta bubbuga sau biyu. Sai ta ƙara na uku, mai ɗan zafi.

"Wannan fa, uwar yara?"

"Na wata biyun da ka ɓoye min ne."