Hancin Rabiou Mai Metro

Sakinatou ta fara jin sunan ne a bakin mahaifiyarta, ranar da ta bar kwanon tuwo ya kwana uku a ƙarƙashin gado. Hajiya Fourera ta ɗago kwanon da yatsu biyu, ta kau da kai, ta ce, "Tir! Da Rabiou Mai Metro zai ga wannan, da suma zai yi." Shekarunta tara a lokacin, ta ɗauka wani dodo ne da ake tsorata ƙazaman yara da shi. Sai da ta gama sakandare, ta samu aikin kula da wata tsohuwa a Summerfield, sannan ta soma zama a bayansa a mota kullum, ta san ko wane ne.

Mutumin Tasawa ne. Shekara goma sha shida ya yi a New York yana wanke taragon metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tasha ta ƙarshe, can inda layin yake barin cikin birni ya kai unguwannin gefe. Jirgi ya iso, ya zazzage mutane, kafin ya juya akwai 'yan mintoci, cikinsu ake son tarago ya fito fes. Abin da ya kwashe da hannunsa a shekarun nan ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci: aman mashaya, fitsari a kwalba, ƙunzugun jarirai an cusa a bayan kujera, kaki, ƙasusuwan kaza da ɓera ya riga shi. Kaya biyu yake zuwa da su, na aiki da na salla, bai taɓa yarda sun haɗu a jaka ɗaya ba. Makaminsa ruwan bilic, wanda shi yake ce wa jabel. Abokan aikinsa su zuba murfi ɗaya a bokiti, shi ya zuba huɗu.

Da gwiwoyinsa suka gaji ya dawo Greensboro wajen 'yan gida. Nan babu metro, bas ɗin gari kuwa ba ya kaiwa Summerfield, ga matanmu da yawa can suke aiki a manyan gidaje. Sai ya sayi farar mota mai kujera goma sha biyu, ya mayar da ita layi. Ƙarfe shida da kwata yake tashi daga gidajen haya na Wendover, ko kana gudu da takalmi a hannu ba ya jira. Kowace tsayawa sai ya kira sunanta da ƙarfi. Dokokinsa uku ne, kuma babu wanda ya isa ya taka su: ba a ci a ciki, ba a tauna goro, ba a shiga da ɗanyen nama. Safe da yamma yake goge ta da jabel har idon fasinja ya yi ruwa.

Ranar Babbar Sallar bara, cikin zafin watan Yuni, ya kwashi mata zuwa gonar da maza suka yi yanka, gaba da Summerfield. Da za a dawo ya tsaya a bakin ƙofar motar, ya nuna ta wani ɗan gida mai ɗaukar kaya, ya ce, "Nama ya bi akori-kurar Amadou. Mutane kaɗai nake ɗauka."

Kwana biyu bayan haka Sakinatou ta shiga motar, wani abu ya daki hancinta. Rana ta uku ya wuce a ce wani abu. Wari ne mai nauyi, mai maiƙo, ya cakuɗu da jabel ya zauna a maƙogwaro. Mata suka ja mayafi suka toshe hanci. Anti Chamsiya, wadda bakinta ba ya hutawa, ta matso kunnen ta kusa da ita.

"Ke, mutumin nan ko ya soma sakin jiki ne? Tsufa fa ba ya sallama."

"Tanti, ki ji tsoron Allah."

"To me na ce? Mai Metro ya kawo mana metron har gida."

Aka yi dariya a cikin mayafai. Shi kuwa yana gaba da farar hularsa, yana kiran tasha hankalinsa kwance, har yana cewa a rufe gilashi kada ƙurar hanya ta shigo. Babu wadda ta buɗe baki. Ina macen da za ta dubi dattijo mai furfura ta ce masa motarsa tana wari? Abin da suka iya shi ne zamewa. Wannan ta ce an canza mata lokacin aiki, waccan ta ce mijinta zai riƙa kai ta. Hajiya Fourera ma ta ce ƙafa ke damunta. Ranar Juma'a mutum uku suka rage cikin goma sha ɗaya, maganar kuwa ta kai harabar masallaci. Sakinatou ta ga yadda yake leƙa madubi yana ƙirga kujerun da babu kowa, bai tambayi kowa ba. Ta rasa wanne ya fi damunta, warin ko shirun.

Da yamma, bayan kowa ya sauka, ta ƙi sauka. Ta bi hancinta har kujerar ƙarshe, ta durƙusa, ta ɗaga wani murfi a ƙasa inda ake ajiye jak. Ƙudaje suka taso mata. Baƙar leda ce ta kumbura kamar za ta fashe, koren ruwa ya tsatso ta gindinta, tsutsotsi farare suna motsi a ciki. Hanji ne da tumbi da huhun rago. An ɗaure bakin ledar da ƙyallen atamfa ruwan goro, kuma Sakinatou ta san atamfar, don ita ta karɓo ta daga wajen tela.

Nan take ta gane yadda aka yi. Kayan ciki ake fara soyawa ranar salla, mahaifiyarta kuwa ba ta yarda nata ya cakuɗu da na wasu a motar Amadou ba, sai ta ɓoye shi inda idon Rabiou ba zai kai ba. Baƙi suka ɗauke mata hankali a gida. Da ta tuna, mota ta tafi, kuma ta tambaya daidai yake da ta ce ta taka doka. Shi ne ta kwanta da ciwon ƙafa, ta bar mutum da gulmar gari.

Sakinatou ta fito da gudu ta yi amai a gefen taya.

"Lafiya, ɗiyata?" in ji Rabiou, ya zagayo.

Ta nuna masa. Ya sunkuya, fuskarsa dab da ledar, bai ko yamutsa hanci ba. Ya daɗe yana kallon tsutsotsin, ya dubi ƙyallen, sannan ya miƙe a hankali.

"Kwana nawa ke nan kuna jin sa?"

"Huɗu, Baba."

"Huɗu." Ya jingina da motar. "Na yi sallar azahar a cikinta shekaranjiya, da aka yi ruwa."

"Baba, kai ba ka ji ba?"

Ya taɓa hancinsa da yatsa. "Wannan ado ne kawai. Jabel ta cinye shi tun ina New York. Turare da mushe duk ɗaya ne a wurina, shekara goma sha biyu ke nan. Me kike tsammani ya sa nake wanke motar sau biyu a rana? Ko matata ba ta sani ba."

Ya kwance ƙyallen da kansa, ya jefa shi cikin kwandon shara daban, bai ambaci sunan kowa ba, har yau kuma bai ambata ba. Asabar da Lahadi ya cire kujeru duka ya wanke. Sakinatou ta isa gida ta ce wa mahaifiyarta an ga ledar, ba ta ƙara komai ba. Ranar Litinin ƙafar Hajiya Fourera ta warke, ta riga kowa fitowa, ta kuma bi gida gida ta fito da sauran. Anti Chamsiya ta shiga tana shaƙar iska, ta ce dama ita ta san ba daga Malam Rabiou ba ne.

Amma a yammacin Juma'ar nan, kafin ya ɗauko bokiti, sai da ya tsayar da Sakinatou, ya yi ƙasa da murya kamar ba shi ne mai kiran tasha ba.

"Zan roƙe ki abu ɗaya, ɗiyata. Kullum da safe ki riƙa zuwa kafin su zo, ki shaƙa mini motar. In kin ji wani abu, ko daga jikina ne, kada ki ji kunyata. Ki faɗa mini."