Takardar Koken Kawuna

Shekarar da gwamnati ta fara maganar tsuke bakin aljihu, ina zaune gida a Boɗinga, ba aiki. Na gama kwalejin horon malamai, na ci kowane darasi ban da Turanci, aka ce sai na sake zama. Ɗaukar sababbin malamai ma an dakatar. Zama wuri ɗaya ya gagare ni. Da safe in buɗe littafi, in rufe, in tafi tasha in tsaya ina kallon motocin Sakkwato suna cika suna tashi, in dawo gida, in sake fita. Innata ta ce ƙafafuna sun fi na ɗan akuya yawo.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Lambara cewa kawuna, ƙanen inna, yana nemana da biro da takarda.

Kawu mai gadi ne a wani siton taki da ke Shagari. An sa ranar tantance ma'aikata, aka ce kowa ya zo da kansa a gan shi. Sai masassara ta kwantar da shi kwana uku. Ranar tantancewar ya lallaɓa ya fito bakin hanya, ya hangi bayan motar da ke zuwa Shagari tana tafiya. Kafin ya sami wata ya isa, la'asar ta yi, masu tantancewa sun naɗe takardunsu sun tafi. Aka soke sunansa.

Na same shi a zaure, ya rame, yana ta juya hularsa a hannu.

"Koke za ka rubuta min," in ji shi. "Da Turanci. Ta Hausa ƙosai aka naɗewa da ita. Amma duk abin da kar rubuta, ka maido min shi da Hausa in ji."

Na rubuta gaisuwa, ya yarda. Na rubuta shekarun da ya yi yana gadi ba a taɓa sace ko buhu ɗaya ba, ya gyaɗa kai. Da na zo kan ciwo na sa "I caught a fever", ya ce in fassara.

"Wato, na kama masassara."

"Wa yak kama ta? Ni? Ina kwance ɗakina taz zaka tak kama ni. Gyara."

"Kawu, haka Turawa ke faɗi."

"To su suka kamun ta. Ni ba ni biɗe ta ba."

Muka wuce zuwa mota. Na sa "I missed the lorry", na ce masa ma'anarsa kamar na kuskure mota ne. Nan ya miƙe tsaye.

"Kai ɗan nan, koke nis sa ka ko shaida a kaina? Mota tat tahi tab bar ni, ina ɗaga mata hannu. In sun karanta wanga sai su ce shi da bakinai ya amsa laihi."

Raina ya ɓaci, amma da na sake duba takardar sai na ga yana da gaskiya. Yadda na jera Turancin, kowace masifa Kawu ne ya aikata ta da hannunsa. Ga wata matsalar kuma: ina son in ce bai isa a kan lokaci ba, na rasa ko "on time" ne ko "in time". Irin waɗannan ƙananan kalmomi ne suka kayar da ni a jarrabawa. Na rubuta, na soke, na rubuta, har takarda ta huje. Na ce masa ya ba ni kwana ɗaya.

A Boɗinga akwai wani malamin Turanci ɗan Gana da ke koyarwa a sakandare, mutum mai fara'a, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Washegari na nufi gidansa. Ashe a makon ne aka yi shelar baƙi su koma ƙasashensu. An ce malamai irinsa suna iya dakatawa, amma ya ce ba zai jira a sake shawara ba. Na tarar da katifa a naɗe, matarsa na cusa tukwane a buhu, 'ya'yansa biyu zaune kan akwati. Kunya ta kama ni, na juya zan fita.

"Malam, zo," ya ce. "Mene ne?"

Na nuna masa takardar. Ya karanta a tsaye, igiyar ɗaurin kaya rataye a wuyansa, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya yagi gefen kwali ya rubuta mini. "On time", in ji shi, shi ne daidai sa'ar da aka yanka. "In time" kuwa shi ne ka isa kafin a rufe ƙofa, ko da ka makara kaɗan. Ya ce na biyun ne kawunka ya rasa, shi za ka sa. Maganar mota ya ce in rubuta "the lorry left without me". Ta ciwo kuma "I came down with a fever".

Na taya su ɗaure kaya biyu, na yi masa godiya. Ya riƙe hannuna ya ce in ci jarrabawata. Ban sake ganinsa ba.

Na koma Lambara da guntun kwalin a aljihu. Kawu ya ce in fassara ta ciwon.

"Kamar a ce, na yi ƙasa tare da masassara."

Ya gyaɗa kai. "I, wanga daidai na. Tare munka hwaɗi."

Saura bugawa da tafireta. Mai bugawa a Boɗinga ya ce zaren tawadarsa ya bushe, kuma babu shi a kasuwa, kamar yadda babu sabulu babu madara a lokacin. Kwana biyu ina zarya shagonsa, safe da yamma, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Rana ta uku ya aro na wani ya buga.

Muka kai ofis a Shagari, Kawu sanye da rigarsa ta Juma'a. Akawun ya karanta har ƙarshe, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya rubuta wannan? Turancin ya yi kyau."

Sannan ya ce sunayen masu koke shekaranjiya aka tafi da su Sakkwato. Ya huda takardar ya sa a fayil, ya ce mu riƙa leƙowa.

Da muka fito na kasa duban Kawu. Kwanakin da na ɓata ina neman kalma su nake ta lissafawa a zuci. Shi kuwa ya tsaya gindin wata bishiyar bedi ya gyara hularsa.

"Ka ji ya ce ta yi kyau," ya ce. "Ko ba su maishe ni ba, sun san ba ƙarya niy yi ba."

Ya yi wata biyu yana leƙawa duk Litinin, sannan ya daina. Da damina ta wuce ya gyara tsohuwar rijiyar mahaifinsu a fadama, ya dasa albasa. Kafin ta nuna soja sun karɓi mulki, ofishin ma aka sauya masa mutane, ba wanda ya ƙara tuna fayil ɗin.

Da aka cire albasar, shi da maƙwabtansa suka haɗa lodin babbar mota zuwa Kudu. Suna neman wanda zai bi kayan, ya yi magana da masu saye a can. Kawu ya nuna ni, ya ce ɗan yayarsa ne, yana jin Turanci har akawu ya yaba. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na gaya wa inna, na ɗauki riga biyu, na hau saman buhuna. Muka wuce Shagari, muka wuce Tambuwal, warin albasa na sa ni hawaye. A Jega direba ya tsaya shan mai, na sauko na yi alwala, ina tambayar yaran mota kwana nawa ya rage mu isa.